Sojan da Ba a Ganin Fuskarsa

Ranar wata Talata ce, saura kwana goma sha ɗaya a kama azumi, a shekarar da ta biyo bayan tashin bam a tashar mota, wanda muka ji ƙararsa har nan gidanmu a unguwar Madaki da ke Gombe. Ruwan farko ya sauka da safe, ƙasa tana ƙamshi, ina zaune a tsakar gida ina tsince wake a faifai, sai na ji sallama a zaure. Ban ɗaga kai ba, don na san muryar. Abin da na gani shi ne takalman soja sun tsaya a bakin tabarmata, sai hannuwa biyu suka ajiye wani kwali a ƙasa. Babban yatsan hannun hagu yana da farin tabo a gefen farce. Ɗana ne na fari, ya dawo daga bakin daga, an ba shi hutun kwana bakwai. Ya durƙusa ya ce, "Adda, mun same ku lafiya?" Na ce, "Lafiya lau," ina kallon wake. Wata goma sha huɗu ban gan shi ba, kullum da tunanin ko yana raye nake kwana nake tashi, amma abin da na iya ce masa ke nan. A ranar na ƙudura a raina cewa kafin kwana bakwai ɗin nan su cika, sai na kira sunansa, na dubi fuskarsa, na ce masa kada ya koma.

Sunana Hajara. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka jikata Safiya, 'yarsa, ita ke rubutawa ina faɗa. Idan kun ga magana ta karkace, kukana ne ya karkatar da ita, ba hannun yarinyar ba. Mijina Malam Buba mai gyaran keke ya rasu tun kafin wannan fitina ta fara. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunansu, namijin ɗaya ne tak. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce mene ne abin wuya don uwa ta kira sunan ɗanta. To, sai na koma baya na faɗi yadda aka rene ni.

Ni ma 'yar fari ce. Lokacin da nake ƙarama, yawancin wuraren da gidaje suka cika yanzu gonaki ne, auduga da gyaɗa da dawa, sai kuka da tsamiya jefi-jefi. Gidanmu na zana ne, ɗakunan ciyawa shida, rumbuna uku a bayan turken awaki. Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi. Ɗakin uwata yana ɗaya gefen, bai kai taku ashirin ba, amma kamar wani gari ne daban. Ruwa shi ne wahalar Gombe tun can. Da sassafe mukan ɗauki tuluna mu gangara kwari, mu tona yashi da sakaina har ruwa ya tsattsafo, mu jira ya kwanta, mu kwasa da ludayi kaɗan-kaɗan. Mu dawo wuya ya sage, sai surfe, sai daka, sai kai abinci gona. Lokacin cirar auduga kowace yarinya da buhunta ɗaure a ƙugu, ƙwanson audugar yana tsattsaga mana yatsu, da yamma kakata ta shafa mini man shanu tana faɗa wai ba na lura. Bayan an cire gyaɗa mukan bi gonaki muna roro, abin da muka samu namu ne. In soya tawa da yashi, in kai talla bakin shingen makarantar boko. A can nake tsayawa da farantina ina jin malami yana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa. Ban yi sha'awar littafinsu ba, ban yi sha'awar rigarsu ba. Kiran sunan nan kawai nake tsayawa ji, har gyaɗata ta huce.

A gidanmu kowa yana kiran sunana ban da mace ɗaya. Inna, uwar da ta haife ni, ba ta taɓa ce mini Hajara ba. Idan tana so in miƙo mata muciya, sai ta ce wa ƙanena, "Ka ce wa waccan ta kawo muciya." Idan na shigo inda take, sai ta sami abin kallo a ƙasa. Kakata takan ce, "Uwarki mai kunya ce, wannan kowa ya shaida," kuma yabo ne babba, don matar da ta rungumi ɗanta na fari a gaban mutane, ko ta kama sunansa, sai a shekara ana zancenta a wurin ɗiban ruwa. Idan an gama aiki mukan yi carafke da duwatsu, mu yi 'yar tsana da ƙashin akuya mu yi mata kitso da zare, mu yi gaɗa, mu yi ɓuya. A wasan ɓuya ne wata dabara ta zo mini, ina da shekara kamar takwas. Na hau rumbun dawa na shige na ja murfi, na ce ba zan fito ba sai Inna ta tsorata ta kira ni da bakinta. Tun bayan azahar nake ciki, ƙaiƙayi yana cin jikina, gumi yana shiga mini ido. Na ji yara sun gaji da nema sun watse. Na ji kakata tana ƙwala kira, na ji an aiki ƙanena kwari, an leƙa rijiyar maƙwabta. Muryar Inna kaɗai ban ji ba, sai taɓaryarta, tana sauka da sauri, da sauri, ba yadda ta saba daka ba. Gab da magariba dakan ya tsaya. Murfin rumbu ya ɗaga kaɗan, hannu ya shigo, da lalle da ya kusa gogewa da ɗan zoben azurfa. Ya lalubo kaina ya tsaya a kai. Ya daɗe. Sannan ya fita, murfi ya koma, na ji ta ce wa kakata, "A duba rumbu." Har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba, kuma yau idan aka ce in siffanta fuskarta, sai in yi ta lalube. Hannun ne nake iya gani.

Abin da aka yi mini shi na yi, ba wanda ya tilasta ni. Da na haihu, aka yaye shi, surukata ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ya ji ƙannena suna ce mini Adda, shi ma ya kama, har ya girma. Yaro ne mai son bindiga tun yana rarrafe. Ya ƙera ta kara, ya ƙera ta laka, ya tara yaran layi ya jera su a bayan gida yana ba su umarni da sandar kora awaki. Da ya fara zama a rumfar ubansa, sai ya koyi wata: ya ɗauki wayar ƙafar keke ya lanƙwasa, ya ɗura kan ashana a ɗan bututun bakinta, ya sa ƙusa, ya buga a dutse ta yi ƙara. Wata rana ya cika ashanar da yawa, abin ya fashe masa a hannu. Yana da shekara bakwai. Muna daka mu huɗu, surukata tana zaune a inuwa tana kaɗi. Ya shigo a guje, hannu a sama, jini har gwiwar hannu, bai nufi kowa ba sai ni. Jikina duk ya tafi wurinsa, ƙafafuna kuwa suka ja baya. Na ce, "Ku duba yaron nan." Goggonsa ce ta ɗauke shi ta ɗaure yatsan da tsumma. Yana kallona ta saman kafaɗarta, ni kuwa ina kallon yatsan. Matan suka yaba mini. Daga ranar bai sake rugowa wurina ba. Ya girma, ya shiga soja ubansa yana alfahari, ya yi aure bai daɗe ba suka rabu, aka bar mini Safiya. Ita kam jika ce, na goya ta, na yi mata wasa, na kira sunanta sau ɗari a rana. Duk abin da na hana uban, ita na juye wa.

To, kwalin da ya ajiye ranar Talatar nan, ba atamfa ba ce a ciki, ba abinci ba. Wani baƙin akwati ne da bai fi faifai faɗi ba, da wayoyi, da abin riƙewa guda biyu masu kama da ƙahon rago, jikinsu duk maɓallai. Ya ce wa Safiya tsarabarta ce, gem ne, wato wasan sojoji da ake yi a talabijin. Shekararta goma sha uku lokacin. Maƙwabcinmu Emeka mai shagon kayan wuta, haifaffen Gombe, Hausarsa ta fi tawa gudu, shi ya zo ya haɗa shi da talabijin. Yana haɗawa yana tsokana, "Oga soja, ka baro yaƙi ka sayo wani a kwali? Na can bai ishe ka ba?" Shi kuwa ya ce, "Wannan ana iya kashe shi a ci tuwo." Da suka kunna, ban san lokacin da na yar da faifai na kwanta rub da ciki ba. A shekarun nan ko tayar mota ce ta fashe sai kasuwa ta watse. Matar Emeka, Maman Ngozi, ta faɗo gidan da takalmi a hannu tana neman 'yarta, mai unguwa ya aiko a rage murya. Suka rage suna ta dariya, ni kuwa ƙirjina bai daina bugawa ba har la'asar.

Amma akwatin nan ya ba ni abin da ban taɓa samu ba, wato dalilin zama ɗaki ɗaya da shi. Yana kallon gaba, ina bayansa a bakin ƙofa da faifaina, ba mai cewa don shi na zauna. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, amma na san aikin da aka yi da kyau, ko saƙa ce ko gini. Wanda ya ƙera wasan nan ya zauna ya lura da duniya. Gari ne da yaƙi ya cinye, bangaye duk huji, mota ta ƙone ta bar ƙarfe, ga igiyar shanya da rigar yaro a kanta tana kaɗawa. Idan harsashi ya sami bango sai ƙasa ta zubo. Idan ruwa ya sauka sai ka ga ɗigonsa yana gangarowa a jikin bindiga. Tattabaru sukan tashi kafin abokan gaba su ɓullo, kuma wanda ya iya wasan da kunne yake yi, don takun wanda ke bayanka daban yake da na wanda ke saman soro. Idan sojan ya yi gudu sai ka ji yana haki. Idan aka same shi, gefen gilashin talabijin ya yi ja, ƙara ta dushe kamar an tura kanka cikin randa. Kuma ba ya barin mutum ya tashi. Ka tsallake wannan lungu wani yana jiranka, abokanka suna kiranka, kai ma kana ganin saura kaɗan. Tuwo yakan sandare a gabansu. Safiya ta fi shi hannu tun rana ta biyu, tana ce masa, "Baba, an sake kashe ka. Anya ba girki kake yi musu a can ba?" Shi kuma ya ce, "Tafi can, da yatsu kamar na mai satar ƙuli-ƙuli. Sake sa mana."

Abin da ya kama ni kuwa daban ne. Sojan da kake tafiyar da shi ba a ganin fuskarsa. Kowa ana ganinsa, abokai da maƙiya, ban da shi. Hannuwansa biyu kawai ke ƙasan gilashin, da safar hannu mai yankakkun yatsu, riƙe da bindiga. Su ke zare gidan harsashi su sa wani, su ke tura ƙofa, su ke kama katanga a haura, su ke ɗaure rauni, su ke jan abokin da ya faɗi. Na tambayi Safiya, "Shi wannan ba shi da kai ne?" Ta ce, "Dada, ai mai riƙe da abin shi ne shi. Da idonsa ake gani." A raina na ce, ni dai na san mutum irin wannan, shekara talatin da takwas ina tare da shi.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Na yi masa dambu, na yi miyar kuka da man shanu, na dama fura da hannuna, in ba Safiya ta kai. In na shiga madafa sai in tsaya ina gwada sunan, leɓena yana motsi, murya ba ta fita. Na lura da wani abu kuma da ba wanda ya lura da shi: idan ya ɗauki kofin ruwa hannunsa yana rawa har ruwan ya zuba, amma idan ya kama abin wasan sai rawar ta tsaya cak. Ranar Juma'a, bayan ya dawo masallaci, na ce wa Safiya a gabansa, "Tambayi babanki, shi da ya ga na gaske, me yake nema a wannan?" Bai juyo ba. Ya ce, "Ki ce wa Adda, a nan ina ganin daga inda ake harbina. Ga ɗan zane a gefe yana nuna mini inda abokaina suke, ba wanda ya ɓace. In na yi kuskure aka kashe wani, sai a mayar da ni baya in gyara." Ya ci gaba da latsawa, sannan ya ce, "Sun iya ƙarar, sun iya nauyin gudu. Wari ne ba su sa ba, da ƙishirwa, na kuwa gode musu. In ina yi, kaina yana yin shiru." Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, ita ma ta hannun yarinya ta biyo.

Ranar Lahadi Maman Ngozi ta dawo daga coci ta same ni a madafa ina share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Dada, jibi fa zai tafi. Kin gaya masa?" Na girgiza kai. Ta ce, "Ni da ɗana ne, sai in zauna a kan jakarsa in ga mai ɗaga ni. Ki kama rigarsa ki yi kuka, wa zai kai ki ƙara?" Na ce mata ba a yin haka a wurinmu. Ta dafa ƙugu ta ce, "Surukarki tana kabari, mijinki yana kabari. Kunyar wa kike ji?" Waɗanda nake jin kunyarsu duk sun mutu, kunyar ce ta ƙi mutuwa.

Litinin da azahar na aiki Safiya markaɗe, muka rage mu biyu. Ina bakin ƙofa kamar kullum, sai na ji ya ce, "Adda, zo ki gwada." Ban san abin da ya tashe ni ba, na dai ga na zauna a tabarmarsa, yana damana. Ya sa mini abin a hannu. Duk abin da na taɓa, sai sojan ya sunkuya, ba abin da ke gilashin sai tsakuwa da hannuwansa. In latsa ya tafi ya buga bango, in sake latsawa ya yi ta juyi wuri ɗaya yana kallon ƙasa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Adda, tsakuwar ba ta yi miki laifi ba." Sai ya ɗora hannunsa na hagu a kan nawa na dama, yatsan nan mai tabo ya hau kan yatsana, ya tura a hankali. Hoton ya taso. Na ga katanga, na ga wata shuɗiyar ƙofa, na ga sama da tsuntsu ɗaya. Hannunsa da zafi, da kaushi kamar bayan ƙwarya. Tun ranar da aka yaye shi jikinmu bai haɗu haka ba. Ina jin numfashinsa a gefen kunnena. Abin da ya rage kawai in karkata wuya. Sunan ya taso daga cikina ya zo har kan harshe. Hoton ya gama tasowa amma bai ɗauke hannun ba, kuma har gobe ina ganin jirana yake yi. Sai Safiya ta yi sallama a zaure. Na fizge hannuna na miƙe, na ce tukunya za ta ƙone. Babu tukunya a wuta.

Da la'asar na ji yana ce wa yarinyar, "Ki bar mini wasana a inda na tsaya, ki buɗe naki daban. In na dawo zan shiga ƙofar nan."

Talata da safe ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar da ya zo. Ya ce, "Adda, zan koma. A yafe mini, a sa ni a addu'a." Na ce, "Allah ya tsare." Hannuwan suka ɗauki jaka, takalman suka juya. Na ji ƙarar ƙyauren zaure. Na zauna kamar an dasa ni, ban san tsawon lokacin ba, sai kuma na ga ina gudu. Ba takalmi, ba mayafi, ni da ban taɓa taka titi kaina a buɗe ba tun da aka kai ni ɗaki. Na isa bakin kwalta, Keke mai ƙafa uku da ya hau ya riga ya wuce buhunan yashi na shingen bincike. Ina hango ƙeyarsa. Na buɗe baki iya ƙarfina, abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai wannan!" Mai shayi ya juyo, masu jiran mota suka juyo, wani yaro mai bindiga a shingen ya ce, "Mama, koma gida." Duk titin ya juyo, don kowa kai ne. Shi kaɗai bai juyo ba.

Yakan kira wayar Safiya in ya sami hali, kuma kullum da "ki gaida Adda" yake rufewa. Bayan Babbar Sallah wayar ta daina shiga. Muka jira, muka yi tambaya inda ake tambaya, muka yi saukar Alƙur'ani. Daga baya mutum biyu masu kaki suka zo da jakarsa, suka zauna a zaure suna kallon ƙasa. Suka ce an faɗa wa wurin da suke, ba a gan shi cikin waɗanda suka rasu ba, ba a gan shi cikin waɗanda suka tsira ba. Mijina na san inda yake kwance, na yi masa takaba na gama. Wannan ba kabari, ba gawa, ba ranar da zan ce yau ce. A cikin jakar akwai hotonsa. Safiya ta sa mini a hannu, na duba na duba. Wani mutum ne kyakkyawa mai ɗan gashin baki, idonsa irin na Inna, in ji ƙanena. An yanke hoton daga ƙirji, babu hannuwa. Na yi kuka ranar fiye da ranar da aka kawo labarin, don ɗana ne aka miƙo mini ban gane shi ba.

Su Emeka sun kwashe sun koma garin iyayensu a shekarar. Kafin ya tafi ya zo ya buɗe akwatin ya hure masa ƙura, ya ce wa Safiya kada ta bari ya yi zafi. Shekaru sun tafi, akwatin ya tsufa kamar ni. Yanzu in an kunna shi sai ya yi ta gurnani, wani lokaci sai an gwada sau uku kafin ya kama, ni kuwa a tsakanin nan numfashina tsayawa yake yi. Mai gyara a kasuwa ya ce zai iya canja masa kayan ciki, amma duk abin da ke ajiye a ciki zai tafi. Na ce a dawo mini da abina. Kowace Talata, in an kawo wuta, Safiya takan kunna mini nasa. Sojan yana nan inda ya bar shi, a gaban shuɗiyar ƙofar. Ba maƙiyi a wurin, ba harbi. Hannuwan suna ɗagawa kaɗan suna sauka, alamar yana numfashi. Ban yarda kowa ya tura ƙofar ba. Na koyi tura yatsan da kaina. Nakan ɗaga kan sojan, in juya shi dama, in juya shi hagu, in zagaya da shi gaba ɗaya. Ina ganin katanga, ina ganin rigar yaron a igiya, ina ganin sama. Fuskar mai hannuwan ce kawai ba ta fitowa. Safiya ta ce haka aka ƙera shi, ko shekara zan yi ina juyawa ba zan gan ta ba. Duk da haka ina juyawa.

Da can, idan na ga matan yanzu sun rungume ɗan fari a cikin Keke, suna kiran sunansa suna sumbatarsa, sai in taɓe baki in ce duniya ta lalace. Yanzu in na gansu tsayawa nake yi, kamar yadda nake tsayawa da farantin gyaɗa a bakin shingen makaranta. Ba na zagin iyayenmu, sun so mu iya yadda suka sani, hannun Inna yana kaina har yau. Amma a zamaninsu yaro gona yake zuwa ya dawo da magariba, uwa tana da gobe, tana da jibi. Ni kwana bakwai aka ba ni. Na gaya wa Safiya, ranar da Allah ya ba ta na fari, ta yi ta kiransa har ya gaji ya ce ta ƙyale shi.

Tun da na fara wannan labari ban faɗi sunan ba, ina ta kewaye kamar yadda na saba. Safiya, share idonki ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, yadda ko ni zan gane shi, ko Allah zai sa takardar ta kai inda muryata ba ta kai ba. Sunansa Hamidu. Hamidu, ɗana, kada ka koma.

Ashe bai fi numfashi ɗaya ba.